Kawuna makaho ne mai waƙe a kasuwa, ina son in yi fim a kansa

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Ya ce kawunsa ya makance tun yana yaro, ƙyanda ce ta tafi da idon. Sama da shekara 40 ke nan yana waƙe a kasuwanni, Lahadi yana Gujungu, Alhamis yana Maigatari, da jikansa a matsayin ɗan jagora. Matashin yana da waya mai kyau da 'yar kyamara, yana son ya yi fim a kan rayuwar kawun. Gida ya rabu biyu. Manya sun ce wannan tallata bara ne da tona asirin dangi. Abokansa kuma sun ce ya nuna wahalar tsohon sosai, ya sa lambar asusu a ƙasa, jama'a su taimaka. Yana tambaya wanne ne daidai, me doka ta ce, kuma waƙoƙin na wane ne in an naɗa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka kunna kyamara. Da yawa sai sun ɗora a TikTok sannan su tuna mutumin yana da 'ya'ya da surukai.

Na yi shekaru ina yawo da rikoda ƙauye-ƙauye ina naɗar mawaƙan baka don rediyo, daga baya na koma fim na haƙiƙa, wanda ake kira dokumentari. Bari in fara da kuskurena. Wata Juma'a a kasuwar Wudil na zauna da wani dattijo makaho mai waƙe, na yi kusan awa ina jero masa tambaya: yaushe idon ya tafi, yaya ya ji, me yake ci, wa ke taimakonsa. Waƙarsa kuwa baiti biyu na ɗauka na buɗe shiri da su. Bayan an watsa na koma da goro ina jiran yabo. Ya karɓi goron, ya ce ya ji shirin, amma bai gane mutumin da ake magana a kansa ba. Wai ido ya rabu da shi tun kafin a yi masa kaciya, har ya manta da zancensa, abin da yake kwana da shi ya tashi da shi waƙe ne, ni kuwa ban tambaye shi wanda ya koya masa ko baiti ɗaya ba. Na yi alkawarin dawowa. Kafin in dawo ya rasu. Baiti biyun nan su kaɗai na mallaka na waƙarsa.

To ka lura, da manyan gidanku da abokanka, abu ɗaya suke gani in sun dubi Kawu, ƙoƙon bara. Waɗannan suna so a tura shi ƙarƙashin gado, waɗancan suna so a ɗaga shi sama duniya ta zuba. A duk abin da ka rubuto mini ba wanda ya ambaci waƙar. Mutumin da ya yi shekara 40 yana tsayar da masu cin kasuwa da murya tsirara, ba ganga ba kalangu, mai sana'a ne. Ya san baitin da ke tsayar da falke, ya san wanda ke sa tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro canji, ya san lokacin da zai sassauta murya saboda an kira sallah. Wannan sanin shi ne fim ɗinka.

Kuma ba daga sama ya faɗo ba. Waƙen makafi tsohuwar makaranta ce a ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, shi ya tsara Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Waƙar an buga ta a takarda, amma yawancin Hausawan da suka haddace wani abu daga cikinta daga bakin makafi suka ji shi, a tasha, a ƙofar gida, a bakin masallaci. Su ne suka yi mata dakon da ba wani kamfanin ɗab'i da ya yi. Haka kuma mutanen nan suna da tsarinsu tun kafin a san wata ƙungiya mai ofis: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, a birnin Kano har da Sarkin Bebaye, kowa da fadawansa da hanyar sasanta rikicin mutanensa. Ka tambayi Kawu wane ne Sarkin Makafin yankinku, ka je ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe da mai unguwa. In ka tsallake shi, za ka ga ƙofofi suna rufewa ba ka san dalili ba.

A kan sunan da za ka kira shi, kada ka wahalar da kanka. A ofis ana cewa masu buƙata ta musamman, a rediyo ana cewa masu lalurar gani. Mutanen da ke da sarautar Sarkin Makafi kuwa da yawansu ba sa jin kunyar kalmar makaho, abin da suke ƙi shi ne a mayar da ita sunan yanka. Tambaye shi, abin da ya zaɓa shi za ka rubuta, kuma sunansa ya riga lalurarsa fitowa a allo.

Yanzu maganar bara, wadda ita ce ta raba muku gida. Ba zan ce ka ɓoye ta ba. In ka yanke ƙoƙon daga hoto ka yi ƙarya, fim na haƙiƙa kuwa da ƙarya ɗaya yake lalacewa. Ana jefa masa kuɗi, da su ya ci da iyali, da su ya aurar da 'ya'ya, wannan gaskiya ne. Amma ka bar shi ya fassara abin da bakinsa. Wani zai ce maka sadaka ce kuma bai taɓa son ta ba, da ya sami makaranta da ba a gan shi a kasuwa ba. Wani zai ce ladan waƙarsa ne, kamar yadda ake yi wa makaɗin fada kari ba wanda ya kira shi mabaraci. Wani zai faɗi wannan da safe ya faɗi wancan da yamma, duka kuma da gaske yake. Kada ka daidaita masa. Ka tambaye shi me ya sa ba a sa shi makarantar boko ba, alhali akwai makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki a Kano. Ka tambaye shi ko ya taɓa shiga cikin masu karɓar alawus ɗin Naira 7,000 a wata da gwamnatin Jigawa ta fara bai wa naƙasassu a zamanin Sule Lamido, in ya shiga me ya canja, in bai shiga ba wa ya rubuta sunayen. Ka tambaye shi yadda yake ji ranar da aka ce an hana bara a titunan Kano. A irin waɗannan amsoshi ne maganar haƙƙi take fitowa da kanta, ba sai ka ɗauko wani mai babbar riga ya yi lacca ba.

Shawarar abokanka kuwa, ka ajiye ta. Na san irin bidiyon da suke nufi: a kusanto da kyamara kan idon da ya mutu, a nuna ƙuda a bakin ƙoƙo, a sa kiɗan fiyano mai sa kuka, lambar asusu tana yawo a ƙasa. Yana kawo kuɗi, ban musa ba, sati biyu ko uku. Daga nan bidiyon ya zauna a wayoyin mutane har abada, jikokinsa su tarar da shi ranar da ake neman aurensu. Ga kuma doka. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a yi amfani da mai lalura wajen bara, ta hana a yi yawo da shi a bainar jama'a da nufin neman sadaka. Hukuncin tarar Naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Waɗanda suka rubuta ta suna tunanin masu tura mutum a baro ne a bakin titi, amma ka gaya mini bambancin baro da waya in kai ne mai turawa kuma asusunka ne a ƙasa. Dokar nan ita ce ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ita ce kuma ta haifar da hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020. Jigawa da Kano kowacce tana da tata dokar. Shekara biyar ɗin sun cika a farkon 2024. Ka ɗauki Kawu yana hawa matattakalar sakatariya ko asibitin da ya fi kusa da ku, ba sai ka ce komai ba.

Maganar mallaka ita ce wadda na fi so ka buɗe kunne a kanta, don a nan ake cutar mawaƙanmu, masu ido da marasa ido.

Waƙoƙin da ke bakin Kawu ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suke da mai su sananne, kamar Imfiraji, kuma a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka ka ambaci mai ita, in kuma sayar da fim ɗin za ka yi ka nemi magada. Akwai tsofaffin waƙe da bege da aka gada baki da baki ba a san mafarinsu ba. Akwai kuma nasa na kansa, waɗanda ya ƙirƙira a kan hanya, wataƙila a kan yunwar wata shekara, ko ambaliya, ko mutuwar wani amini. Shi ya san wannan rabe-raben sarai, kai dai ka tambaya bayan kowace waƙa: Kawu, wannan ta wa ce? Ka bar rikoda a kunne ya ba da amsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Doka ba ta kare waƙa sai an adana ta a wani abu, takarda ko faifai ko memori. Wato ranar da ka naɗi waƙoƙinsa na kansa, ka yi masa babban alheri, ka ba su jiki. Amma dokar nan kuma tana ɗaukar wanda ya shirya aka yi naɗin ko fim ɗin a matsayin mai shi. Kai ke nan. Waƙar tasa ce, muryar tasa ce kuma sai da izininsa za a naɗa ko a watsa, amma kwafin da duniya za ta riƙa juyawa yana hannunka. In ba ku yi magana tun farko ba, za a wayi gari masu tura waƙa a Gujungu suna sayar da muryarsa Naira 50, shi yana zaune taku goma daga rumfarsu yana jin kansa a lasifika.

Don haka ku yi yarjejeniya, amma irin wadda makaho zai iya komawa ya bincika. Dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa ba yarda ba ce. A zauna a zaure, da shaidu biyu da shi ya zaɓa, liman ko mai unguwa ko wani daga fadar Sarkin Makafi. A faɗi komai da baki ana naɗa: ina da ina za a nuna fim ɗin, za a sa a intanet ko a'a, in kuɗi ya shigo kashi nawa ne nasa, in ya rasu wa zai karɓa, kuma yana da ikon cewa a cire wani wuri kafin a fitar. A rubuta a takarda ma, amma a sa masa kwafin muryar a wayarsa. Ka bayyana masa intanet da gaskiya: abin da ya shiga ba ya fita, kuma har surukinsa da ke Legas zai gani. Asusun da kuɗi zai shiga ya zama da sunansa, ba naka ba, ba na babban ɗansa ba. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Mutuncin da kake son fim ya ba shi, rabinsa a nan yake.

Kada ka ce ai ɗan ƙaramin fim ne, wane kuɗi zai kawo. A Kinshasa ta Kwango akwai wasu guragu, shan-inna ce ta kama su, suna kiɗa a titi a kan kekunansu, sunan ƙungiyarsu Staff Benda Bilili. Wasu Faransawa biyu suka yi shekaru suna bin su da kyamara, aka nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2010, guragun suka zaga Turai da Japan suna wasa. A 2013 ƙungiyar ta dare, kuma maganar kuɗi ce a tsakiyar rikicin. Wanda ya gan su ranar farko a bakin titi ba zai ce za a kai nan ba.

Sai aikin kansa. Fim ɗin mawaƙi makaho kunne ne gaba, ido a baya. Hoto mai ɗan duhu ana haƙuri da shi, murya mai ƙara ba a haƙuri. Ka sami ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, ka sa abin ji a kunnenka duk lokacin da kake ɗauka, don iska da injin niƙa da babur ba ka jin ɓarnarsu sai ka koma gida. Kowace waƙa ka ɗauke ta sau biyu. Ɗaya a kasuwa da hayaniyarta, da masu amsawa, da ƙarar kuɗi a ƙoƙo, don nan ne gidanta. Ɗaya kuma a gida bayan asuba, a ɗakin ƙasa mai rufin azara. Ɗakin kwano yana mayar da amo, in rana ta yi kuma yana ƙara. Ka bar waƙa ta kai ƙarshenta ko da ta yi minti 20, a wajen tacewa ka yanke abin da za ka yanke, amma cikakkiyar ta zauna a ajiye a wuri biyu. Kada ka adana ta hanyar tura wa kanka a WhatsApp, yana matse murya. Kuma don Allah kada ka ɗora masa fiyano. Waƙen da aka gina shi a kan numfashi da amshi, in ka sa masa kiɗan kwamfuta ka ɗaure masa ƙafa.

Akwai ladabi guda da masu ido ke mantawa. Mai gani yana ganin kyamara ta juyo kansa, sai ya gyara zama, ya gyara hula, ya haɗiye maganar da bai so a ji. Kawu ba shi da wannan. Saboda haka duk lokacin da za ka kunna ka ce na kunna, in ka kashe ka ce na kashe, ka gaya masa wa da wa ke wurin, ka gaya masa in fuskarsa kake ɗauka ko hannunsa. Ranar da ka saci hotonsa yana cin abinci ko yana lalube, ka ci amanar da ba zai taɓa kama ka ba, wannan kuwa ya fi muni. Ka guji tsayawa a kansa kana ɗauka daga sama, zauna a tabarmar da yake. Ka nuna abin da yake yi wanda mutane ba su zata ba, ba don a yi mamaki ba sai don haka rayuwarsa take: yadda yake tufka igiya, yadda yake gane mai gaisuwa tun daga takunsa, yadda ake kawo masa ƙarar rikicin gida ya raba. Finafinanmu sun daɗe suna mayar da makaho ko dai abin dariya, ko wanda alhaki ya kama, ko waliyyi mai haƙurin da ba na mutane ba. In Kawu mafaɗaci ne, ko marowaci, ko mai son siyasa, ka bar shi da halinsa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kansa, ladani ne kuma an sha bar masa riƙon Madina. Muƙami aka ba shi, da nauyinsa.

Ɗan jagora kuma, kada ka mayar da shi sanda mai ƙafa. Yaro ne, sai da izinin iyayensa za ka nuna shi, kuma tambayar ko yana zuwa makaranta tana nan ko ka yi ta ko ba ka yi ba, masu kallo za su yi. Ka yi wa Kawu ita a fili, wataƙila ta fi damunsa fiye da kowa. Sau da yawa yaron shi ne ɗan amshi, shi ne kuma wanda waƙoƙin ke taruwa a kansa ba tare da an lura ba. Matan gida kuwa, wadda ba ta so a ga fuskarta ka ɗauki muryarta kawai, in ma muryar ba ta so, ka bari.

In ka gama tacewa, ga jarrabawar da nake yi wa ɗalibaina. Ka kife wayar a tabarma, ka saurari fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba ka kallo. Duk inda ka ɓace, nan Kawu zai ɓace. Sai ka cike wurin da murya mai bayyana abin da ke allo a taƙaice, da Hausa, kuma in ya yarda shi ya fi dacewa ya riƙa ba da labarin, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wani fim na Amurka da ya fito a 2020 a kan gwagwarmayar naƙasassun can, wanda har ya shiga takarar kyautar finafinai ta Oscar, ɗaya daga daraktocinsa biyu mai keken guragu ne da ya rayu cikin labarin, kuma ana jin haka a fim ɗin. Ba abin da zai hana sunan Kawu ya fito kusa da naka a matsayin wanda kuka shirya tare. Ka sa rubutun Hausa a ƙasa saboda kurame masu karatu. In za ka sa mai fassara da hannu, ka sani maganar hannu da kuramen ƙauye ke yi daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda tushenta na Amurka ne, sai ka duba su wa kake so su gane.

Nunin farko a ƙofar gidansa za a yi, da daddare, shi da iyalinsa da manyan nan da suka ce tonon asiri ne. Ka zauna kusa da shi. Abin da ya ce a cire, ka cire, ko da shi ne wurin da ka fi so. In kuma kana da niyyar kai fim ɗin kasuwa ko gidan kallo a Kano, ka bi ta hukumar tace finafinai ta jihar tukuna.

Yana yiwuwa bayan duk wannan bayani Kawu ya ce ba ya son hotonsa ya fita. Yana da iko, kuma kada ka aika masa da masu lallashi. Ka roƙe shi abu ɗaya kawai, ya bar ka ka naɗi muryar, waƙa bayan waƙa, da sunan wanda ya koya masa kowacce da garin da ya koyo ta. Ka sa a memori biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun wanda ya amince da shi. Ka fara da waɗanda ya ce nasa ne na kansa, kuma ka fara a satin nan.